Daga Yamai zuwa bakin teku da tanti: nazarin tafiyar wani iyali

Mafarin lamarin

Maigidan da wannan bayani ya shafa malamin makaranta ne a Yamai, yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kwaleji. Ba'adare ne, daga wani ƙauye na yankin Tawa. Matarsa yayata ce, ciki ɗaya, tana ɗinki a gida. A shekarar 2018 ƴaƴansu huɗu: babbar mace mai shekara 14, namiji mai 11, mace mai 7, sai auta mai shekara 3. Tafiyarsu ta farko ban je ba. Na samo bayaninta daga bakinsu, da kuma wani kaye da Mushe (wato Monsieur, haka duk gidan ke kiransa) yake rubuta kowane dala da ya kashe. Sauran tafiye-tafiyen da ni aka yi, ni ne direba na biyu.

Abin da ya tada maganar ƙarami ne. Wata rana ɗansa namiji yana bitar darasi, ya tambaye shi ko gaskiya ne ba a hango ƙetaren teku. Mushe ya ce gaskiya ne. Yaron ya ce, "Baba, kai ka gani?" Shekara 17 ke nan Mushe yana zana Tekun Atalantika a allo da alli, bai taɓa ganinsa ba. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma hanyar da ƴan Yamai suka fi bi zuwa can a lokacin ita ce ta manyan motocin kaya: Doso, Gaya, a haye gadar kogin Isa zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, sai Kandi, Paraku, har Kwatano, sama da kilomita 1,000.

Matsalar kuɗi ce. Mutum shida ba sa shiga ɗakin otal ɗaya, ɗaki biyu kuma na mako guda ya fi ƙarfin albashin malami. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin Gran-Popo, wani gari a yammacin Kwatano da kusan kilomita 80, dab da iyakar Togo, inda ake kafa tanti a kwana a bakin ruwa. Mushe ya ga mafita ta samu. Da yayata ta nuna shakka, ya ce mata, "Mu da muka tashi a tsakar gida bisa tabarma, muka yi damina a bukkar gona, kwana a waje ne zai gagare mu?"

Shirin farko, Yuni 2018

Shirin bai wuce mako biyu ba. Ya sayi tanti na gwanjo mai cin mutum shida a jika 35 na sefa, ya kafa shi sau ɗaya a tsakar gida da rana tsaka, ya ga ya tsaya, ya naɗe. Bai san cewa irin wannan tanti riga biyu gare shi ba: ta ciki mai shan iska, da ta sama mai tare ruwa. Nasa ta cikin kaɗai ke akwai. Turakunsa ƴan siraran ƙarafa ne da ba su kai tsawon taƙi ba.

Guzuri aka yi irin na zuwa ƙauye: kilishi, dambu, garin rogo, ƙwallayen fura, buhun gawayi, tabarmi uku, jarka ɗaya ta ruwa mai lita 25. Sange ba a ɗauka ba, don Mushe ya ji an ce iskar teku tana korar sauro. Motar tsohuwar Toyota ce mai kujera bakwai, an canza mata mai, an duba birki. Aka sa ranar tafiya farkon Yuli, da zarar an rufe makarantu.

Tafiya ta farko, Yuli 2018

Sun bar Yamai bayan sallar asuba, suka isa Gaya kafin azahar, tafiyar kusan kilomita 300. Nan aka fara. Manyan suna da katin ɗan ƙasa, wanda a lokacin ya wadatar tsakanin ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar Afirka ta Yamma, amma katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, na yara biyu yana gida cikin akwatin uwarsu. Motar kuma ba ta da inshorar ƙetare iyaka, wadda direbobi ke kira kart burun. Kafin a sayi inshora, a kira gida a ɗauko hoton katunan a aiko ta waya, a yi takardar shigar mota a duwan, la'asar ta yi sanyi. Mushe ya tuƙa cikin duhu da ruwan sama har Kandi, tsakanin tireloli. Kwana na biyu suka sauka Bohikon, na uku da hantsi suka ga teku.

Yayata ta ce da suka tsaya, ba wanda ya yi magana cikin motar. Autan ne ya fara fashewa da kuka don ƙugin ruwan.

Suka kafa tanti a fili bisa rairayi, nesa da gidaje, don kada su biya kuɗin wuri. Kudancin Benin damina biyu yake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mushe ya san wannan, yana ma koyar da shi, sai dai ya lissafa cewa Yuli ƙarshen ruwa ne. Wajen ƙarfe 2 na dare iska ta taso daga teku da ruwa tare da ita. Turakun suka zare daga rairayi ɗaya bayan ɗaya, gefen tantin ya kwanto bisa yara, ruwa ya ratso yadin kamar ta rariya. Cikin mota suka ƙarasa daren, a zaune, gilasai a rufe saboda ruwa, in an buɗe kuma sauro.

Da safe suka shanya kaya. A Yamai rigar da aka wanke da hantsi ta bushe kafin azahar. A nan har magariba tabarmi na ɗauke da laima. Gawayi ya jiƙe ya ƙi kamawa, fura ta yi tsami tun a hanya, a kwana na biyu kilishi ya fara fumfuna. Suka koma sayen abinci a gari, abin da suka zo da niyyar kauce wa. Ruwan jarka ya ƙare, suka cika ta daga wata rijiya da ke kusa, ba tafasawa ba magani.

Abin da ya fi muni ya faru ranar ta biyu da la'asar. Yaron mai shekara 11 ya iya iyo, a kogin Isa ya koya tare da abokansa. Ya shiga har ƙugu, ubansa na tsaye a bayansa da taku kaɗan. Gaɓar wannan yanki tana da gangare, igiyar ruwa tana fashewa ne a daidai bakin rairayi, sannan ta koma da ƙarfi tana janye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa. Igiya ɗaya ta kayar da shi, ta biyu ta ja shi. Mushe bai iya ruwa ba. Wani masunci da ke gyaran taru kusa da su ya ruga ya cafko yaron ta wuyan riga. Yaron bai sha ruwa sosai ba, amma rairayi ya goge masa gwiwa da kafaɗa, kuma daren nan bai yi barci ba. Masuncin ya yi wa Mushe faɗa cikin Faransanci, ya nuna masa da hannu cewa ko ƴaƴan garin ba sa wasa a wannan wuri.

Ranar ta uku auta ya fara zawo. Suka sayi ƙunshin gishiri da sukari a farmasi, wanda ake narkar da ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayoyin zinki. Yayata ta ce, "Mushe, ka mayar da ni gida da ƴaƴana." Suka naɗe jiƙaƙƙen tanti bayan kwana uku, cikin bakwai da aka yi niyya.

Kwana 9 da dawowarsu, yarinya mai shekara 7 da autan suka kwanta da zazzaɓi. Gwajin yatsa a asibitin unguwa ya nuna masassarar cizon sauro, wadda kan bayyana daga mako ɗaya zuwa biyu bayan cizon. An ba su maganin kwana uku, suka warke. A kayen Mushe an rubuta: tafiya jika 310, magani jika 28.

Tsakanin Agusta da Nuwamba 2018

Wata uku ba a ambaci teku a gidan ba. Tantin yana saman ɗakin ajiya yana wari. Mahaifiyarmu da ta zo daga Tawa ta ji labari, ta dubi surukinta ta ce, "Malam, Allah ya ba ka ɗaki da ƙofa, ka kwashi jikokina ka kai su kwana a bakin ruwan da ba ka san aljanunsa ba?" Bai ce komai ba, ya dai sunkuyar da kai.

Wanda ya sake tado maganar shi ne yaron da ruwa ya ja. Ya daina zuwa kogi, ko wanka in ruwa ya zubo masa a fuska sai ya firgita. Amma shi ne ya ce wa uwarsa yana so ya koma ya ga tekun "da kyau". Yayata ta kwana biyu tana juya zancen. Ta gaya mini abin da ya dame ta: kada yaron ya girma da wannan tsoro, kada kuma ubansa ya ci gaba da yawo da kunyar abin a ransa.

Ta amince bisa sharuɗɗa, kuma ta sa Mushe ya rubuta su a kayen nan da hannunsa. Ba za a sake tafiya da damina ba. Ba za a tuƙa da dare ba. Ba wanda zai kwana ba sange. Kuɗin tafiya ita za ta tara, ita za ta riƙe. Sannan ba za a kai tanti wata ƙasa ba sai an kwana cikinsa a kusa da gida an ga halinsa. Ta shiga adashin jika 15 a wata tare da matan unguwa, Mushe kuma yana ajiye jika 10 daga darasin da yake bayarwa a gidaje.

Gwaji a tsakar gida da bakin kogi, Disamba 2018 zuwa Fabrairu 2019

Gwajin farko a tsakar gida aka yi shi. Aka kafa tanti, aka shigar da yara, ni da Mushe muka hau benci muna kwara masa ruwa da bokiti. Yara suna ihu suna nuna inda yake zuba, uwarsu tana sa alama da allin ɗinki. Wuri 11 ta ƙirga. Daga nan muka kai shi wajen mai ɗinkin tamfal, irin masu yi wa motocin kaya bash, ya yanka mana rufi da ya fi tantin faɗi da kusan rabin mita ta kowane gefe, ya sa zobba a bakinsa. Jika 18 ya ci. Mai walda ya yanka mana rodin gini guda 12, kowane santimita 40, ya lanƙwasa kan.

A hutun ƙarshen Disamba muka tafi Bubon, ƙauyen bakin kogi mai nisan kusan kilomita 25 daga Yamai, wanda kasuwarsa ke ci ranar Laraba. Muka fara gaida mai gari, aka haɗa mu da wani dattijo Basarke mai lambu, ya nuna mana tudu cikin lambunsa. Wurin da Mushe ya zaɓa da farko ya fi kyau a ido, shimfiɗaɗɗe ne dab da ruwa. Dattijon ya kama hannunsa ya nuna masa sawu a laka, kowane kamar faranti. Hanyar dorina ce, nan take fitowa kiwo da dare. Ya kuma hana yara shiga ruwan da ke kwance a gefe, saboda tsargiya.

Daren farko ya koya mana abu biyu. Mun shimfiɗa tamfal ɗin kai tsaye bisa tanti, da asuba sai muka tarar ciki ya jiƙe alhali ko ɗigo bai sauka daga sama ba. Numfashin mutum bakwai ne ya taru a ƙarƙashin roba ya koma raɓa. Dole a ɗaga rufin da sanduna, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya don iska ta ratsa. Na biyu kuma sanyi. Hunturun bakin kogi ta ƙasa yake shiga, tabarma kaɗai ba ta tare shi. Auta ya kwana a jikin uwarsa yana rawar ɗari.

A Fabrairu muka koma, kwana biyu. Wannan karon an zo da siraran katifu, an ɗinka wa tanti madaukai daga ciki inda ake rataya sange biyu masu magani, an bar gawayi an ɗauki ƙaramar tukunyar gas. Yayata ta raba aiki: babbar ɗiya ce mai ruwa, ita ke tafasawa ta cika jarka. Namijin shi ne mai turaku da igiyoyi. Mai shekara 7 tana tattara shara a buhu. Kafa tanti da ya ci mana kusan awa ɗaya a Disamba ya dawo minti 20.

Wani abu ya faru a wannan zuwa da ba ya cikin shiri. Dattijon ya lura yaron yana tsayawa nesa da ruwa, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Washegari da sassafe ya ɗauke shi a jirginsa, da izinin uwar, suka je duba koma. Na tsaya a gaɓa ina kallonsu. Yaron ya ƙanƙame bakin jirgi da hannu biyu har suka yi nisa. Da suka dawo bayan awa guda, shi ke riƙe da filafili, dattijon na zaune yana cire kifi daga raga.

Shiri na biyu, Oktoba zuwa Disamba 2019

An zaɓi hutun ƙarshen Disamba, lokacin babban rani a kudancin Benin, wanda ke kamawa daga Disamba zuwa Maris. Takardu aka fara da su, wata biyu kafin tafiya. Ni ban taɓa yin rigakafin shawara ba, katin kuma ba ya aiki sai bayan kwana 10 da allurar, don haka tun Nuwamba na yi. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai, saboda haka na sauran ba su buƙaci sabuntawa ba. Aka sayi inshorar ƙetare a Yamai. Yayata ta ɗinka ƴar jaka ta zuba duk takardun gidan a ciki, ta rataya a wuya.

Wurin sauka ma an tsayar tun daga gida. Ta hannun wani ɗan unguwarmu mai sayo motoci a Kwatano aka samu lambar wani masauki a Gran-Popo mai shinge, da famfo, da makewayi, da mai gadi, wanda ke barin baƙi su kafa tanti a harabarsa kan kuɗi kaɗan. A Kandi kuma aka haɗa mu da wani Alhaji a zango. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san Hausa ba ta yanke masa, daga Malanbil har unguwar Zongo ta Kwatano akwai wanda zai amsa sallama.

Guzuri ya canza: shinkafa, taliya, mai, albasa, yaji, madarar gari, kayan shayi, abin da laima ba ta ɓatawa da wuri. Jarka biyu, da ƙwayoyin tsarkake ruwa. Buhunan shinkafa guda 8, babu komai ciki, waɗanda yara suka yi ta tambayar amfaninsu.

Tafiya ta biyu, Disamba 2019

Kwana 9 aka tsara: biyu a hanyar zuwa, huɗu a bakin teku, biyu a hanyar dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. A iyaka ba mu kai awa ɗaya da rabi ba. Muka isa Kandi da la'asar, bayan kusan kilomita 400. Alhajin ya ƙi karɓar ko dala, yayata ta bar wa matansa turmin atamfa.

Rana ta biyu, kafin Paraku, tiyon lagireto ya fashe. Gyara ya ci awa uku da jika 30, har da ruwan sanyaya inji da wani bel da bakanike ya ce ya kusa tsinkewa. Da a bara ne Mushe zai ce a ci gaba a rama lokaci cikin dare. Wannan karon ya dubi matarsa, ta girgiza kai, muka kwana a Paraku. Ranar ko-ta-kwana ta tafi a nan. Mai kuwa a gidan mai kaɗai muke sha, muna wuce kwalaben kpayo, fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, da ke jere a bakin hanya. A shekarar ma ya yi tsada, tun da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta.

Washegari muka yada zango a Dasa, garin duwatsu. Muka kafa tanti a harabar wani ƙaramin masauki a gindin dutse, muka soya wagashi, cukun Fulani da muka saya a hanya. Da yamma wani saurayi ya hau da yara bisa dutsen. Ƴaƴan Yamai da suka saba da bedi da ƙaya suka tsaya suna kallon gonakin doya da rogo da itatuwan kaju har iyakar ganinsu. Babbar ɗiyar ta ce mini daga baya wannan yammacin ya fi mata teku daɗi.

A Gran-Popo mai gadin masaukin ne ya zaɓa mana wuri. Mu inuwar kwakwa muka nufa, ya ɗaga yatsa sama ya nuna mana ƴaƴan da ke rataye, ya matsar da mu gefe. Rodin santimita 40 ma bai riƙe rairayin nan sosai ba. Sai aka fito da buhunan: a cika kowane da rairayi, a ɗaure igiyar tanti a tsakiyarsa, a binne shi zurfin kamu ɗaya. Dabarar wani direban tirela ce da ya gaya wa yayata lokacin da ya kawo ɗinki. Dare huɗu iska na kaɗawa, ko igiya ɗaya ba ta saki ba. Abin da ya dame mu zafi ne da gumi, don ko da rani iskar wurin a jiƙe take. Muka riƙa barin ƙofofin tanti biyu a buɗe, sange na tsare da mu.

Dokar ruwa ɗaya ce, daga bakin masunta muka karɓe ta: ba mai wuce idon sawu, kuma yaro ba ya taɓa ruwa sai hannunsa na cikin na babba. Sun nuna mana yadda ake gane wurin da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, wata hanya mai duhu inda igiya ba ta fashewa, wadda baƙo zai ɗauka nan ne ya fi lafiya. Suka ce wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya bi gefe tukuna.

Safiya ta biyu muka tarar ana jan taru. Layi biyu na mutane, maza da mata da yara, kowane layi da igiyarsa, suna ja da baya taku-taku bisa amon waƙa, aikin da ke cin awoyi. Wani ya yafito yaron. Ya dubi uwarsa. Ta ce, "Je ka, Kawu na bayanka." Muka kama igiya ni da shi, tana da kauri, jiƙaƙƙiya, tana cin tafin hannu. Kumfar ruwa tana zuwa ta rufe masa ƙafa ta koma, bai saki ba, bai kuma waiwaya ba. Da tarun ya fito aka ba shi kifi biyar a matsayin rabonsa. Ya kawo wa uwarsa da hannu biyu, ta soya su da yaji a bakin tanti. A ranar ne kuma Mushe ya yi alwala da ruwan teku, bayan ya tuna wa yara cewa ruwansa mai tsarki ne, mushensa kuma halal. Ya ce gishirin ya yi masa ɗaci a baki har bayan sallama.

Rana ta uku muka ɗauki jirgi mai inji, kowa da rigar ceto, muka bi kogin Mono zuwa inda yake haɗuwa da teku, wurin da ake kira Bush-di-Ruwa. Ta huɗu muka je Wida, muka bi hanyar bayi mai kusan kilomita 4 daga cikin gari zuwa gaɓa, inda aka gina ƙofar tunawa da waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba, a 1995. Mushe ya fara yi wa yara bayani da muryar aji, ya kai tsakiya ya yi shiru. Muka daɗe a tsaye.

Mun dawo Yamai a kwana na 10, da ƙarin kwana ɗaya bisa shiri. Ba wanda ya yi zawo, ba wanda ya yi masassara a makonnin da suka biyo. Asarar da aka yi ita ce tsatsa: iskar gishiri ta ci zip ɗin tanti da rodin, ta kuma taɓa ƙasan mota don ba mu wanke ta da wuri ba. Kayen ya nuna jika 345 na mutum bakwai: mai 125 (lita tana sefa 540 a Nijar a lokacin), abinci 70, wuraren kwana 60, takardu da kuɗin hanya 35, gyaran mota 30, jirgi da yawon gani 25.

Me ya raba tafiyar biyu

Kuɗi bai raba su ba. Ta farko ta ci jika 338 in an haɗa da magani, ta mutum shida, kwana uku a bakin ruwa. Ta biyu ta ci 345, ta mutum bakwai. Tantin ma shi ne dai na gwanjon nan, da ƙarin tamfal da rodi.

A ganina, kuskuren Mushe na farko shi ne ya ɗauki sanin kwana a waje na ƙasar Adar ya kai shi inda ba ya aiki. Abin da ya sani gaskiya ne, amma na busasshiyar ƙasa ne, mai taurin da ke riƙe turke, inda rana ke busar da komai, inda kilishi ke wata bai lalace ba. Haka ɗansa ya ɗauki iyon kogi ya kai wa teku. Sanin littafi ma bai cece shi ba: ya san watannin damina, amma bai san abin da ruwan dare ɗaya ke yi wa iyali a cikin yadi ba sai da ya kwana a ciki.

Gwajin Bubon ya yi amfani ne don ya sa kurakuran sun faru a inda suke da arha. Raɓar cikin tanti, sanyin ƙasa, jinkirin kafawa, duk an gamu da su a nisan kilomita 25 daga gida, inda in abu ya ɓaci rabin awa ta isa a koma. Kuma a can ne Mushe ya koyi tambaya. A tafiyar farko ya guje wa mutanen wuri don tsimin kuɗi. A ta biyu, kowace shawara da ta tsare mu daga bakin wani ta fito: Basarke, direban tirela, mai gadi, masunta. Sai kuma riƙon da ya koma hannun yayata. Ita ce ke tunanin ruwan sha da sange da inda yarinya mai shekara 15 za ta kewaya cikin sutura, abubuwan da shirin farko bai ko ambata ba. Ina ganin da an tambaye ta da gaske tun Yuni 2018, da rabin wahalar ba ta faru ba.

Sun yi niyyar komawa a Disamba 2020. A watan Maris na shekarar annobar korona ta rufe iyakoki. A watan Agusta aka kai hari a Kure, wajen raƙuman dawa, aka kashe mutum takwas, daga nan yayata ta hana kwana a daji ko kusa da Yamai. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Tantin yana nan, an canza masa zip. Da bazara, in wuta ta ɗauke, yara kan cire tamfal ɗin su kafa shi a tsakar gida su rataya sange a ciki, kuma har yanzu namijin ne ke ɗaure igiyoyi.